Maganar Dashen Haƙori A Gidanmu

 

A ƙasarmu zubewar haƙora ba ta cikin lalurorin da ake zuwa gaida mutum a kansu. Wanda ƙafarsa ta karye za a cika masa ɗaki da ƴan dubiya, wanda turamensa suka ƙare kuwa sai a ce girma ne ya zo, a dama masa kunu. Ba mai tambayarsa yaushe rabonsa da tauna nama, ko me ya sa ya koma yin dariya da hannu a baki. To amma cikin ƴan shekarun nan wata kalma ta fara shiga gidaje, galibi ta bakin ɗan gida da ke zaune ƙasar waje, wato dashen haƙori, abin da takardun likita ke kira "implant" da Faransanci. Ana ambatonsa kamar hajar kasuwa, mai kuɗi ya saya, marashi ya haƙura. Mu a gidanmu da ke Damagaram maganar ta taso a kan mutum biyu cikin shekara guda, yayata da ɗan ƙanena. Kuɗin aikin sun samu tun ranar farko, duk da haka sai da aka yi wata takwas kafin a taɓa bakin ɗaya daga cikinsu, ɗayan kuwa har yanzu yana jira.

Shi dashen ƙusa ce mai murɗi ta wani ƙarfe da ake kira titaniyom, kaurinta wajen milimita 4, tsawonta wajen milimita 10. Likita yakan kashe wurin da allura, ya tsaga dasashi, ya huda ƙashin muƙamuƙi, ya murɗa ƙusar ciki, ya ɗinke. Daga nan sai jira, wata 3 zuwa 6, har ƙashin ya tofo ya rungume ƙarfen. Bayan haka ne ake ɗaura kan haƙorin da ido ke gani. Wani likitan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano wannan hali na titaniyom a shekarar 1952, yana binciken yadda jini ke gudana cikin ƙashin zomo. Da ya zo cire ɗan bututun da ya sa, sai ya tarar ƙashi ya kama shi gam. A 1965 ya yi wa mutum na farko, Gösta Larsson, dashe a muƙamuƙin ƙasa, mutumin kuma ya ci abinci da su har rasuwarsa a 2006. Neman mayar da haƙorin da ya faɗi kuwa daɗaɗɗen abu ne. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu a 1013, ya bayyana cikin littafinsa at-Tasrif yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya, da yadda ake sassaƙa madadinsa da ƙashin sa. Sabon abin da zamaninmu ya zo da shi shi ne ƙashin mutum da kansa ke riƙe haƙorin. Saboda haka rabin aikin na likita ne, rabin na jikin mai haƙori ne, kuma jikin kowa da abin da zai iya.

Yayata, wadda ita ta goye ni, shekarunta 59 a lokacin, tana da ciwon sukari tun 2011. Haƙoran baya na muƙamuƙinta na ƙasa sun tafi ɗaya bayan ɗaya, biyu a hagu, uku a dama. An taɓa yi mata na roba mai maƙalai, ta sa shi mako biyu, ya goge mata dasashi, ta jefa shi cikin kwalla tare da tsofaffin ƴan kunne. Abin da ya dame mu shi ne cimarta. Mace da aka ce ta rage gari da zaƙi sai ga ta ta koma rayuwa a kan fura da kunu da tuwo mai laushi, domin su kaɗai ke wucewa ba tauna. Nama sai an dafa shi ya narke, dambun zogale ya gagare ta, kilishi kuwa sai dai ta saya wa jikoki. Rashin haƙoran yana ƙara mata ciwon, ciwon kuma yana ƙara cin haƙoran da suka rage. Autanmu, wanda ke aiki a birnin Liyon na Faransa, da ya zo hutu ya ga yadda take cin abinci, bai iya ƙarasa nasa kwanon ba. Yana komawa ya bugo waya ya ce a kai ta a yi mata dashe, ko nawa ne shi zai biya. A can inda yake haƙori ɗaya yakan ci wajen Yuro 2000, wato sama da miliyan ɗaya da jika 300 na sefa.

Tambayar Yaya ta farko ba ta shafi kuɗi ko zafi ba. Cewa ta yi: "Ƙarfe a cikin ƙashi, in mutu da shi, a binne ni da shi? Je ka tambayo mini malam." Na yi mata tsiya na ce ai haƙorin Makka da ta sako tun hajjin 2006 ban ji ta nemi fatawa a kansa ba, ta ce wannan ado ne na mata, in bar shi inda yake. Limamin unguwarmu ya ba ni amsa da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umurce shi da ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito shi. Malam ya ce mayar da gaɓar da ta salwanta magani ne, kuma ya bambanta da gogar lafiyayyun haƙora don a yi wushirya, wanda aka hana. Game da alwala da wanka, ya ce kurkurar baki sunna ce a mazhabar Maliku, haƙorin da aka kafa kuma hukuncinsa hukuncin na asali. Mamaci kuwa ba a tsaga masa baki don a ciro abin da ƙashi ya riga ya riƙe, alfarmarsa kamar ta mai rai ce. Da wannan hankalinta ya kwanta.

Kano ta fi mana kusa, amma a watan Oktoba na 2023 iyakar Nijar da Nijeriya a rufe take, don haka muka hau kar zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Yaya ta tafi da niyyar dawowa da haƙora. Likitan, wani magidanci mai magana a hankali, ya yi kusan rabin awa yana tambayoyi kafin ya ce ta buɗe baki. "Hajiya, yaushe rabonki da awon sukari na wata uku?" Ta ce tana huda yatsa kowace safiya. Ya ce wannan na ranar ne kawai, shi yana son wanda ake rubutawa HbA1c. Sukari yakan manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma suna rayuwa wajen kwana 120, saboda haka awon yana tona yadda mutum ya zauna cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba ya karɓar azumin kwana ɗaya da ake yi don a burge likita. Sakamakon ya fito 9,4 cikin ɗari. Likitan ya ajiye takardar ya ce shi ba zai huda ƙashinta da wannan lamba ba. Abin da ake so shi ne wajen 7, kuma likitoci da yawa sukan dakata idan ya haura 8.

Ya yi mana bayani, ni kuma na rubuta domin na san autanmu zai tambaya. Yawan sukari yana lalata ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da ƙashi, yana raunana fararen ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta, yana kuma rage hanzarin ƙwayoyin da ke gina sabon ƙashi. Ƙusar da aka sa a irin wannan jiki tana iya zama cikin ramin da ya ƙi warkewa, ta yi ruwa, a cire ta tare da ɗan ƙashin da ya rage. Mai ciwon sukari da ya riƙe sukarinsa kuwa, dashensa yakan zauna kusan kamar na kowa. Wato sunan ciwon ba ya hana mutum, lambar ce ke magana. Ya kuma tambaye ta ko akwai amosanin jini a dangi, domin ciwon yana taɓa ƙashi, kuma irinsa a jini yana iya rikita wasu na'urorin wannan awo.

Da ya duba bakin sai ya sami matsala ta biyu. Dasashinta yana jini da an taɓa, kuma da ya zura ɗan ma'auninsa tsakanin haƙori da dasashi ya tarar da ramuka masu zurfi a wurare da dama. Ashe abin da ya zubar da turamen yana nan bai tafi ba. Ciwon dasashi ƙwayoyin cuta ne da ke taruwa cikin dattin da ya daskare a gindin haƙori, suna cin ƙashi a hankali ba tare da zafi ba, kuma ƙwayoyin da suka ci ƙashin haƙorin Allah za su ci na dashe. Har ma dashen ya fi rauni ta wannan fuska, domin haƙorin asali yana da wata jijiya siririya da ke ɗaure shi da ƙashi, mai ɗauke da jini da ji, ƙusa kuwa ba ta da ita, ba ta sanar da mai ita cewa ɓarna ta fara. Binciken da aka tattara ya nuna wajen mutum ɗaya cikin biyar na masu dashe sukan gamu da kumburin da ke cin ƙashin da ke kewaye da shi. Gaskiya ne sama da dashe 9 cikin 10 suna nan daram bayan shekara 10, amma waɗanda aka ƙirga ɗin galibi mutane ne da aka tantance kafin aiki, aka kuma ci gaba da dubawa bayansa.

Sauran tambayoyinsa sun wuce Yaya lafiya, amma ina kawo su domin wani gidan. Ya tambaya ko tana shan maganin ƙarfafa ƙashi irin Fosamax, ko an taɓa yi mata allurar Prolia ko ƙarin ruwan Zometa da ake ba masu ciwon daji. Waɗannan magunguna suna rage sabuntawar ƙashi, kuma tun 2003 aka gane cewa wanda ke kansu, musamman ta jijiya, in aka yi masa aiki a muƙamuƙi ƙashin yana iya mutuwa ya bar miki a buɗe. Ya tambaya ko an taɓa gasa mata wuya ko fuska da hasken maganin daji, ko ta yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin wata shida da suka wuce, ko tana shan maganin tsinka jini. Game da na ƙarshen ya ce kada kowa ya dakatar da shi da kansa don zai je wajen likitan haƙori, likitocin biyu ne za su yi shawara. Ya tambaya ko tana cizon haƙora cikin barci, domin nauyin yana kwance ƙusa ko ya fasa kan haƙorin. Da ya zo kan taba Yaya ta harare shi. Ya yi dariya ya ce dole ne ya tambayi kowa, saboda dashen mai shan sigari yakan lalace kusan ninki biyu na wanda ba ya sha, ita ma tabar da tsofaffi ke dasawa a leɓe da kanwa tana ƙona dasashi. Na tuna da wani abokina na fada, mai kara goma sha biyar a yini da shayi uku mai kauri, da ke ta tara kuɗin dashe. Da zai fara da barin taba, da ya sami lafiyar bakin da kuɗin gaba ɗaya.

Aka aika mu ɗaukar hoto. Radiyon da ke nuna baki duka a faifai ɗaya bai wadatar ba, sai da aka yi na sikana mai nuna kauri da zurfi. Anan ne na ga abin da ban taɓa tunani ba: ƙashin muƙamuƙi yana rayuwa ne don haƙori, in haƙori ya tafi sai ya fara janyewa. Faɗinsa yana iya raguwa da kusan rabi cikin shekarar farko, mafi yawa a wata ukun farko. A hagu, inda turamen ba su daɗe da fita ba, ƙashin yana da kauri da tsawon da zai ɗauki ƙusa biyu. A dama, inda aka fi shekara 10, ya zama kamar bakin wuƙa. Likitan ya nuna mana wani layi mai duhu da ke ratsa ƙashin ta ƙasa, ya ce wannan hanyar jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji ce, dole a bar aƙalla milimita 2 tsakaninta da ƙusa, in ba haka ba mutum yana iya zama da mataccen leɓe, wani lokaci har abada. A muƙamuƙin sama kuma abin da ake tsoro kogon iska ne da ke gefen hanci, wanda ke saukowa idan turame sun fita.

Ya ce dama ba za ta yiwu ba sai an ƙara ƙashi, aiki daban da jiran wasu watanni. Na tambaye shi daga ina ƙashin yake zuwa, ya amsa ba ɓoye-ɓoye. Ana iya ɗebowa daga jikin mai shi, ta bayan muƙamuƙi ko haɓa. Akwai garin da ake yi da ƙashin shanu, irin Bio-Oss, akwai kuma na haɗi da ba ruwansa da dabba. Sa'an nan akan rufe garin da wata ƴar fata siririya, kuma wadda ta fi yaɗuwa, Bio-Gide, daga alade ake samo ta. Ya ce akwai madadinta, amma ba kowane likita ke tuna ya faɗa ba in ba a tambaya ba. Malamai suna da maganganu a kan abin da ya sauya kama da kuma halin lalura, sai dai inda madadi yake a hannu ban ga dalilin shiga saɓani ba. Duk wanda za a ƙara wa ƙashi ya nemi a nuna masa kwalin abin da za a sa masa, haƙƙinsa ne.

Muka dawo Damagaram da haƙoran da muka tafi da su, an dai kankare su, an wanke ramukan dasashi, an ba ta ɗan burushi mai shiga tsakanin haƙora. Autanmu bai ji daɗi ba. A ganinsa likitan ya raina mu ne, ko kayan aiki ne ba shi da su. Ya ce: "Yaya, ga wurare nan a Turkiyya da Tunisiya, mako ɗaya an gama kome, har otal suna ba mutum. Ni na gaji da ganin ta tana shan kunu." Na san daga ina maganar ta fito. Shi ne bai sami yi wa mahaifiyarmu hidima ba, yana karatu ta rasu, Yaya ce ta tsaya masa, yanzu kuma yana da hali yana son ya ga amfaninsa tun tana raye. Na ce masa akwai ƙwararru a can ba shakka, amma sukarin da ya hana a Yamai zai bi ta cikin jirgi, kuma duk wanda ya yarda ya huda ta da 9,4 don mun biya, ba shi ne zai zauna da ita ba in wurin ya ruɓe. Ban da haka dashe ba ya ƙarewa ranar da aka ɗaura haƙori. Ana komawa dubawa aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara. Ƙaramar ƙusar da ke riƙe kan haƙorin takan kwance, kuma kowane kamfani da irin makullinsa, na Straumann daban, na Nobel Biocare daban, ga wasu ɗaruruwa da ba a san su ba a nan. Tsohuwa a Damagaram da haƙori yana rawa, makullinsa yana Istambul, wa zai ɗaure mata? Mun yi kwana goma ba mu yi waya ba.

Yaya ce ta kashe maganar. Ta sa aka kira shi ta ce: "Auta, kuɗinka na karɓa, Allah ya yi maka albarka. Amma bakin nawa ne. Hagu za a yi in Allah ya yarda, dama kuwa a bar mini ita, ba za a yanke ni sau biyu ba." Da na gaya wa likitan ya ce zaɓinta yana da tushe. Ba dole ba ne a mayar da kowane haƙori da ya fita. Tun 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki haƙora 20 masu aiki a matsayin abin da ke isar mutum, kuma wanda ya sami gefe ɗaya mai ƙarfi zai tauna abincinsa. Abin da za a riƙa dubawa shi ne haƙoran sama na dama, domin haƙorin da ya rasa abokin karo yakan sauko a hankali.

Watannin da suka biyo baya su ne aikin gaske, kuma ita ta yi shi. Likitan sukarinta ya gyara mata magani. Ta rage fura, ta daina sa mata sukari, aka riƙa niƙa mata nama da wake da ganye cikin miya, ta kama tafiya bayan sallar asuba tare da maƙwabciyarta. Asuwaki da ba ta rabuwa da shi ta ci gaba da shi, ta haɗa da burushi safe da dare. A watan Janairu na 2024 awon ya sauko 8,1. Azumi ya kama a watan Maris. A hukunce aikin haƙori ba ya karya azumi in ba a haɗiye kome ba, haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Jidda a 1997, amma wanda aka yi wa dashe yana da magungunan sha a kan lokaci, ga sukari da ke hawa da sauka tsakanin sahur da buɗa baki, don haka kowa ya yarda a bari. A watan Mayu awon ya nuna 7,2, dasashin kuma ya daina jini. Bayan sallar layya aka sa ƙusa biyu a hagu, aikin bai kai awa ɗaya da rabi ba, ta ce cire haƙori ya fi shi wahala. A watan Oktoba aka ɗaura kawunan. Likitan ya ba ta wata ƴar takarda mai sunan kamfani da lambar kowace ƙusa da girmanta, ya ce ta adana ta tare da fasfo, duk likitan da zai taɓa wurin nan gaba zai nema. Kuɗin dama da suka rage, autanmu ya ce a ajiye su don tafiye-tafiyen dubawa, sau biyu a shekara.

Shi kuwa ɗan ƙanena, shekararsa 15 lokacin da kabu-kabu ya kayar da shi kan hanyar lakwal, haƙorin gaba na sama ya fita ɗungurungum ya ɓace cikin rairayi. Da an same shi, da an kama shi ta kai ba ta saiwa ba, an ɗauraye, an mayar da shi raminsa nan take, ko a sa shi cikin madara a ruga wajen likita kafin awa guda, domin haƙorin babba da aka mayar da wuri yakan kama. Na yara masu famfara ne ba a mayarwa. Yaron lafiyayye ne, ba sukari, ba taba, ƙashi kamar dutse, uwarsa kuma ta ɗauka nasa zai fi na Yaya sauƙi. Likitan ya ce a'a, kuma a'ar tasa ta fi ta Yaya tsawo. Muƙamuƙin saurayi yana girma har wajen shekara 18 zuwa 21, haƙoran asali suna tafiya tare da shi suna saukowa, ƙusar da ƙashi ya riƙe kuwa tana tsayawa inda aka sa ta. In aka dasa masa yanzu, bayan ƴan shekaru haƙorin zai zama gajere a tsakiyar ƴan'uwansa, dasashinsa ya haye sama, a gaban baki inda kowa ke gani, gyaransa kuma ya fi sa shi wuya. Ƴan mata sukan gama girma da ɗan wuri, amma su ma ba a gaggauta musu.

Yaron ya sha tsiyar abokai, ana kiransa mai giɓi, har ya fara ƙin amsa tambaya a aji. Wannan ma lalura ce, likitan kuma bai raina ta ba. Ya yi masa haƙori mai ɗan fiffike da ake mannawa a bayan na kusa da shi, ba tare da an goge lafiyayyen haƙori sosai ba, wanda ke rufe giɓin ya kuma hana maƙwabtan karkatowa su cinye wurin. Ya faɗi sau ɗaya garin gatsar rake, aka sake manna shi. In ya kai shekara 19 za a ɗauki hoto, a sake ɗauka bayan shekara guda, in an ga ƙashin fuskar ya daina motsi sa'an nan a yi maganar ƙusa. Likitan ya riga ya gaya wa ubansa cewa ƙashin gaba siriri ne, mai yiwuwa a buƙaci ƙari a lokacin, ya fara tanadi tun yanzu.